Kundin Adireshi da Neman Wakili ko Kamfanin Wallafa

Shirin faɗakarwa na wannan mako ya shafi matakin da ke biyo bayan ajiye alƙalami, wato neman wanda zai karɓi aikin da marubuci ya kammala ya fitar da shi zuwa hannun masu karatu, da irin taimakon da kundayen adireshi na masana'antar littattafai ke bayarwa a wannan nema. Abin da ake nufi da kundin adireshi a nan shi ne littafi, ko rumbun bayanai na intanet, da ke tattara sunayen kamfanonin wallafa da wakilan marubuta da mujallu da gasanni, tare da bayanin inda kowannensu yake, da irin rubutun da yake so, da hanyar da ya yarda a tuntuɓe shi. Wannan al'ada ta fi kafuwa a Birtaniya da Amurka, saboda haka can bayanin zai fi karkata, kafin a zo kan abin da ya shafi marubutan Afirka da masu rubutu da Hausa.

Akwai mutane iri uku da ya kamata a rarrabe tun da farko, domin gauraya su shi ke jefa sababbin marubuta cikin asara. Na farko shi ne mai maɗaba'a, wanda aikinsa buga takarda da ɗinke ta, ana biyansa ya buga duk abin da aka kai masa, kuma ba ruwansa da ko littafin ya saye ko bai saye ba. Na biyu shi ne kamfanin wallafa, wanda yake zaɓar rubutu, ya tace shi, ya tsara bangonsa, ya biya kuɗin bugu daga aljihunsa, ya rarraba shi ga shaguna, sa'an nan ya biya marubucin wani kaso daga cinikin kowane kwafi, sau da yawa bayan ya ba shi kafin alƙalami tun littafin bai fito ba. Na uku shi ne wakilin marubuci, wanda matsayinsa ya yi kama da na dillali a kasuwa: ya san masu saye, ya san farashi, yana kai haja inda ta dace, yana yin ciniki a madadin mai ita, kuma ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa. Sana'ar wakilcin ta samo asali ne a Landan wajen shekarar 1875, a hannun wani mutum mai suna A. P. Watt, wanda daga baya ya wakilci marubuta irin su Arthur Conan Doyle da Rudyard Kipling, yana karɓar kashi 10 cikin 100 na abin da suka samu. A yau la'adar da aka saba da ita ita ce kashi 15 cikin 100 a kan cinikin cikin gida, da kashi 20 a kan haƙƙin fassara da na ƙasashen waje, domin a can akan raba ta da wani wakilin na waccan ƙasa.

Dalilin da ya sa neman wakili ya zama dole ga mai son manyan kasuwanni shi ne cewa kamfanoni biyar da suka mamaye wallafar littattafan Turanci, wato Penguin Random House, da HarperCollins, da Simon & Schuster, da Hachette, da Macmillan, galibin rassansu ba sa karanta daftarin da ya zo kai tsaye daga marubuci, sai wanda wakili ya kawo. Ƙananan kamfanoni masu zaman kansu da maɗaba'un jami'o'i kuwa da yawansu suna karɓa kai tsaye, ko dai a kowane lokaci ko a wasu makonni da sukan ware cikin shekara. Sanin wace ƙofa ce a buɗe ga wa, shi ne amfanin farko na kundin adireshi.

Mafi daɗewa cikin waɗannan kundaye a Birtaniya shi ne Writers' & Artists' Yearbook, wanda kamfanin A & C Black ya fara fitarwa a 1906, kuma har yanzu yana fitowa shekara-shekara a ƙarƙashin kamfanin Bloomsbury, wanda ya sayi A & C Black a 2000; yana da ɗan'uwa na musamman domin masu rubuta littattafan yara da masu yi musu zane. A Amurka akwai Writer's Market, wanda ya fara fitowa a 1921, ya kuma haifar da kundaye na mawaƙan baiti, da masu rubuta waƙoƙin kiɗa, da masu zane, da masu ɗaukar hoto, kowanne da jerin masu sayen irin aikinsa. Akwai kuma Literary Market Place, babban kundi mai tsada wanda kamfanin Bowker ya faro a 1940, wanda aka fi samu a ɗakunan karatu. Da zuwan intanet sai aka sami rumbuna irin su QueryTracker, inda marubuta da kansu ke shigar da ranar da suka aika wa wakili da ranar da ya amsa, da Duotrope mai bin diddigin mujallun adabi, da Publishers Marketplace, wanda ake biyan kuɗin wata kafin a shiga, wanda kuma ke rubuta cinikayyar da aka ƙulla: wane wakili ya sayar da wane littafi ga wane edita.

Yana da kyau a tsaya a dubi yadda bayani guda yake a cikin irin wannan kundi, domin layuka goma ko goma sha biyu ne kawai, amma kowane layi yana ɗauke da hukunci. Za a ga sunan ofishin wakilcin da adireshinsa da shekarar da aka kafa shi, sai sunayen wakilan da ke aiki a cikinsa, sai jerin nau'o'in da suke karɓa, misali ƙagaggen labari na manya, da tarihin rayuwa, da littattafan matasa. Bayan wannan akan zo da ɗan gajeren layi mai cewa ba a karɓar waƙoƙi, ko wasan kwaikwayo, ko littattafan ƙananan yara masu hotuna, kuma wannan layin ne masu gaggawa suka fi tsallakewa. Daga nan sai adadin la'ada, sai sharuɗɗan aikawa: wasiƙar gabatarwa, da taƙaitaccen bayanin labarin a shafi ɗaya, da babi uku na farko ko shafi hamsin, duk ta imel. A ƙarshe wasu kan ambaci sunayen marubutan da suke wakilta, da alamar da ke nuna ko ofishin ɗan ƙungiyar wakilai ne. Marubucin da ya karanta waɗannan layuka da natsuwa ya riga ya san ko ya kamata ya ƙwanƙwasa wannan ƙofa ko ya wuce gaba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kundin a matsayin jerin adireshin da za a watsa wa wasiƙa iri ɗaya daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Wanda ya yi haka ya ɓata lokacinsa, ya kuma ƙona damar da ba ta dawowa, domin wakilin da ya ƙi aiki sau ɗaya ba kasafai yake sake duba shi ba ko da an gyara. Aikin da ya dace shi ne tacewa, kuma tacewar tana farawa ne daga marubucin kansa: sai ya san wane nau'i ne littafinsa, su wane ne masu karanta shi, kalmomi nawa ya ƙunsa, da waɗanne littattafai na shekarun baya-bayan nan zai zauna kusa da su a kan kantar mai sayar da littattafai. Ƙagaggen labarin manya na farko a kasuwar Turanci yakan kasance tsakanin kalmomi 70,000 da 100,000, kuma sai an kammala shi tsaf kafin a nemi wakili. Littafin ilimi ko na tarihi kuwa akan sayar da shi ta hanyar takardar shawara, wadda ke bayyana manufarsa da tsarin babi-babinsa da cancantar marubucin, haɗe da babi ɗaya ko biyu na misali. Da wannan sani a hannu, ofisoshi ɗaruruwa da ke cikin kundin sukan ragu zuwa ashirin ko talatin da suka dace da aikin. Mawaƙan baiti suna da tasu hanya dabam, domin wakilai ba su cika karɓar diwani ba, saboda cinikinsa bai kai ya samar da la'adar kirki ba. Abin da ya fi amfanar mawaƙi shi ne sashen mujallu da gasanni da ƙananan kamfanoni.

Sai dai duk wanda zai yi aiki da kundin adireshi dole ya riƙe abubuwa biyu game da raunin kundin. Na farko, bayanin da ke ciki yana tsufa tun kafin tawada ta bushe. Kundin da ke ɗauke da shekarar baɗi a bangonsa an tattara bayanansa ne watanni da yawa kafin ya fito, a tsakanin nan kuwa wani wakilin ya koma wani ofishi, wani ya rufe karɓar sabon aiki, wani kamfanin an haɗe shi da wani. Su kansu kundayen ba su tsira daga wannan ba: kamfanin F+W Media, mai Writer's Market, ya durƙushe a 2019, Penguin Random House ya sayi sashen littattafansa, bugu na ɗari na kundin kuma ya fito a 2021. Saboda haka ƙa'idar ita ce a samo suna a kundi, sa'an nan a je shafin intanet na ofishin a karanta sharuɗɗansa na yau, kuma idan bayanan biyu sun saɓa, na shafin ake bi. Na biyu, galibin abin da kundi ke faɗa game da ofishi, ofishin ne ya faɗe shi game da kansa a takardar tambayoyin da aka aika masa. Masu shirya kundaye na ƙwarai suna ƙoƙarin cire waɗanda aka kai ƙararsu, amma shigar suna cikin jeri ba shaidar amana ba ce, kuma wanda ya miƙa aikin shekaru ga sunan da bai bincika ba ya yi cinikin biri a sama.

Binciken ba shi da wuya, haƙuri kawai yake bukata. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki littattafai biyar ko shida masu kama da wanda aka rubuta, a buɗe shafin godiya da ke ƙarshensu, inda marubuta suka saba ambaton wakilinsu da editansu da suna. Sunan da ya bayyana a shafin godiya, ya kuma bayyana a kundi, suna ne da aka tabbatar ya taɓa sayar da littafi irin wannan, kuma wannan shaida ta fi kowane kirarin da ofishi zai yi wa kansa. Sai kuma a duba ƙungiyoyin sana'ar. A Birtaniya akwai Association of Authors' Agents, wadda aka kafa a 1974. A Amurka akwai wadda aka kafa a 1991 da sunan Association of Authors' Representatives, wadda yanzu ake kira Association of American Literary Agents. Ƙa'idojinsu sun hana wakili karɓar kuɗin karanta daftari daga marubuci. Rashin zama ɗan ƙungiya ba lallai ya zama aibi ba, domin sabon wakili na gaskiya yana iya kasancewa bai cika sharuɗɗan shiga ba tukuna, amma neman kuɗi kafin a sayar da littafi babbar alama ce ta haɗari, ko da an kira kuɗin da sunan rajista, ko tantancewa, ko gyara, ko talla. Tun 1998 wani shiri mai suna Writer Beware, wanda Victoria Strauss da marigayiya A. C. Crispin suka kafa a ƙarƙashin ƙungiyar marubutan labaran kimiyya ta Amurka, yake tattara ƙorafe-ƙorafe a kan wakilan bogi da kamfanonin da ke cin kuɗin marubuta, kuma duba suna a can ba ya ɗaukar minti biyar. Ƙa'idar da duk wannan ya ginu a kanta guda ce: a wallafa ta gaskiya kuɗi daga kamfani yake zuwa ga marubuci.

Tarihin Chinua Achebe ya nuna hatsarin dogara ga adireshin da ba a bincika ba. Lokacin da ya kammala Things Fall Apart, yana ma'aikacin gidan rediyo a Legas, ya aika da kwafinsa tilo na rubutun hannu zuwa wani ofishin buga tafireta a Landan wanda ya gani a talla, haɗe da kuɗin aikin, sai aka yi watanni ba labari. Sai da shugabarsa a wurin aiki, Angela Beattie, ta je Landan hutu ta taka har ofishin, sa'an nan aka buga rubutun aka aiko masa. Bayan wannan ne aikin ya bi ta hannun wakili ya isa kamfanin Heinemann, wanda ya fitar da shi a 1958. Da wannan kwafi ya salwanta, da adabin Afirka ya yi rashin da ba a san girmansa ba. A ɗaya gefen kuma akwai J. K. Rowling, wadda daga jerin sunayen wakilai ta tsinci Christopher Little. Amma ko bayan ya karɓe ta, kamfanoni goma sha biyu suka ƙi littafinta na farko kafin Bloomsbury ya wallafa shi a 1997. Jerin ya ba ta adireshi, sauran aikin kuwa juriyar wakilin da ingancin rubutun suka yi shi.

Idan an gama tacewa da bincike, sai a zo kan aikawa. Wasiƙar gabatarwa ba ta wuce shafi ɗaya: a ambaci sunan wakilin daidai, a faɗi dalilin zaɓensa shi musamman, a kawo sunan littafin da nau'insa da adadin kalmominsa, a bayyana jigon labarin a sakin layi ɗaya ko biyu, a rufe da ɗan bayani kan marubucin. Taƙaitaccen bayanin labarin kuwa dole ya faɗi yadda labarin ya ƙare, domin wakili yana son ya ga ko ginin ya tsaya har ƙarshe. An yarda a aika wa wakilai da yawa a lokaci guda, sai dai idan wani ya nemi a keɓe masa, amma masu hikima kan aika rukuni-rukuni, shida ko takwas, su jira makonni, domin idan duk rukunin farko ya yi shiru to wataƙila wasiƙar ce ko babin farko ke bukatar gyara, kuma gara a gane haka tun ba a ƙarar da jerin ba. Ya kamata a buɗe ɗan littafi ko jadawali a kwamfuta mai gurbin suna, da ranar aikawa, da abin da aka aika, da wa'adin amsa, da sakamako. Ofisoshi da yawa suna faɗa a fili cewa idan makonni takwas ko goma sha biyu suka wuce ba amsa, to ba su karɓa ba, kuma wannan jadawalin ne zai hana marubuci zaman jiran abin da ba ya zuwa.

To, ina marubucin Afirka a cikin wannan? Ga mai rubutu da Turanci ƙofa a buɗe take, domin imel ya kawar da matsalar nisa, kuma wakilan Landan da New York suna wakiltar marubutan Nijeriya da dama. Amma nahiyar tana da nata kundaye, waɗanda ba a cika sanin su ba. Hans Zell ya daɗe yana wannan hidima, tun daga African Books in Print a 1975 da The African Book World and Press a 1977. A 1999 African Books Collective, gamayyar kamfanonin wallafa na Afirka da ke rarraba littattafansu a duniya, ta fitar da The African Writers' Handbook wanda James Gibbs da Jack Mapanje suka tace. Colleen Higgs ta kamfanin Modjaji Books a Afirka ta Kudu kuma ta riƙa fitar da kundin ƙananan kamfanonin wallafa na nahiyar. Tsofaffin cikinsu adireshinsu sun tsufa, amma shawarwarinsu kan yarjejeniya da haƙƙin mallaka suna nan da amfaninsu. A Nijeriya jerin 'yan Ƙungiyar Masu Wallafa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1965 kuma hedkwatarta ke Ibadan, wuri ne na farawa, ko da yake yawancinsu littattafan makaranta suka fi mayar da hankali a kai. Kamfanoni irin su Cassava Republic, wanda Bibi Bakare-Yusuf ta kafa a Abuja a 2006, da Farafina, da Parrésia, da Ouida, da Masobe, su ne suka fi shahara da ƙagaggun labarai. Parrésia ne ya fara fitar da Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim a 2015, Cassava Republic ya kai shi Birtaniya, littafin kuma ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016, abin da ke nuna cewa hanyar gida tana iya kai aiki waje.

Ga mai rubutu da Hausa kuwa, gaskiyar da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye ita ce kundayen Landan da na Amurka ba domin daftarinsa aka yi su ba, domin wakilan da ke ciki ba sa karanta Hausa, editocin da suke sayar wa aiki ma haka. Adabin Hausa na zamani ya bi wata hanya dabam: ya faro da gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, ya bi ta Kamfanin Gaskiya da hukumar adabi ta NORLA da kamfanin wallafa na NNPC da aka kafa a 1966, daga tsakiyar shekarun 1980 kuma marubutan Kano suka koma buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa 'yan kasuwa. A wannan tsari marubuci shi ne mai wallafa, shi ne kuma wakilin kansa. Inda kundayen waje za su amfane shi shi ne wajen fassara, domin suna nuna ƙananan kamfanonin da suka ƙware a adabin da aka fassara, waɗanda akan tunkara da babi ɗaya ko biyu cikin Turanci ko Faransanci mai kyau, da bayanin matsayin littafin a wurin masu karanta shi na asali. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, ta hannun irin wannan ƙaramin kamfani ya fita duniya, wato Blaft da ke Chennai a Indiya, a 2012, cikin fassarar Aliyu Kamal.

Abin da marubutan Hausa ke matuƙar bukata shi ne kundi nasu na gida, wanda ake sabuntawa kowace shekara, mai ɗauke da sunayen kamfanonin da ke wallafa Hausa da sharuɗɗansu, da maɗaba'u da farashinsu, da masu tace rubutu, da masu fassara, da masu zanen bango, da dillalan littattafai na Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, da gasanni irin su Hikayata ta sashen Hausa na BBC da lokutan buɗe su, da masu shirya fina-finai da wasannin rediyo da ke sayen labari. Irin wannan aiki ba ya bukatar babban jari. Yana bukatar takardar tambayoyi guda da za a aika wa kowa, da wanda zai kira lambobin waya ya tabbatar suna aiki, da kwamitin da zai saurari ƙorafi ya cire sunan wanda aka tabbatar ya ci haƙƙin marubuci. Rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a jihohin Arewa, da ƙungiyoyin marubutan Hausa, da sassan nazarin harsunan Nijeriya a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, suna da mutane da sanayyar da za su iya ɗaukar wannan nauyi, kuma ko shafi arba'in da za a riƙa tura wa juna ta waya ya isa bugu na farko.